Masan da Kayode Ya Gina wa Matarsa

Kayode ɗan wani tsohon ma'aikacin reluwe ne a Sabon Gari. Ubansa mutum ne da maƙwabta ke daidaita agogo da fitarsa aiki, wanda ko a ciniki ba a taɓa jin ya faɗi magana biyu ba. Ɗan ya gaji taye, da jakar fata, da kujerar gaba a coci. Halin kuwa an binne shi tare da mai shi.

Sana'arsa gyaran tafireta. Wajen shekarar 2003 kwamfuta ta riga ta cinye kasuwar, sai 'yan tsofaffin injuna da suka rage a shagunan Samaru, inda ake buga wa ɗalibai takardu. Can yake nufa a kan basfarsa, da taye a wuya kamar mai zuwa kotu. Aikin ba ya kai shi azahar. Sauran yinin a ƙauyen Bomo da ke kusa da Samaru yake ƙare shi, a ɗakin wata mai sayar da abinci, da ta gaji da shi kuma ya samu wata.

Yana da tsarinsa, yana kuma alfahari da shi. Kafin ya shiga, sai ya tsaya a kemis ya sayi kafso biyu ya kora da lemo, wai rigakafi. Kwaroron roba, a faɗarsa, na direbobin tirela ne da 'yan makaranta, ba na dattijon coci ba. In fitsari ya fara yi masa zafi, ya koma kemis a soka masa allura, a ƙulla masa ƙwayoyi a leda. Da zafin ya lafa sai ya watsar da sauran. Bai taɓa cewa a ƙulla leda ta biyu don matarsa ba.

A gida kuwa akwai Omolara, matarsa, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ɗa ɗaya suka haifa, Femi, ta kuma daɗe tana roƙon Allah ya ba shi ƙane. Maimakon ciki sai ciwon mara, da wani ruwa da ba ta saba gani ba. Ta sha magani ya tafi, ya dawo. Rannan ta ce, “Baban Femi, abin nan ya sake dawowa.”

Bakinsa bai yi jinkiri ba. “Masai ne,” in ji shi. “Ɗaki nawa ne a gidan nan, kowa rami ɗaya? Ke kin san inda matan nan suke zuwa?”

A da, lokacin da duba-gari ke zagaya unguwa da farar hularsa yana leƙa kowace tukunya, duk yaron da ya zauna ajin kiwon lafiya a makarantar mishan ya san abin da masai ke kawowa: zawo, da tsutsar ciki. Ya kuma san wannan ciwon daga jiki yake zuwa jiki, a shimfiɗa. Kayode ya zauna a wannan ajin. Ba jahilci ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa ba.

Ƙarya tana bukatar wanda za a jingina ta a kansa, sai ya zaɓi Bibiana, wata gwauruwa mai sayar da busasshen kifi da ke ɗakin ƙarshe. Bai kira sunanta ba. Ya dai riƙa kallon ƙofarta duk lokacin da yake zancen tsafta, har matan gidan suka fara ɗauke bokitinsu idan ta zo rijiya.

Daga nan ya yi abin da ya ɗauka shi ne mafi wayo a rayuwarsa. Ya nemi izinin mai gidan da suke haya, ya kira Ɗalhatu magini, aka haƙa sabon masai a bayan ɗakinsu, aka shafe shi da siminti, aka sa ƙofar kwano. Ya sayo kwaɗo mai nauyi. Ranar Asabar, gaban kowa, ya miƙa wa Omolara makullan duka.

“Naki ne ke kaɗai, Maman Femi. Ko ni ba zan taka ba.”

Matan gidan suka yi ta gwada shi ga mazajensu. A coci aka ambace shi a taron ma'aurata. Ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, yana jin daɗi har cikin ƙashinsa. Ranar Litinin ya hau basfa ya nufi Bomo.

Omolara ta rataya makullan a wuya da zare. Kullum sai ta wanke masan da ruwan zafi da magani, har siminti ya fara fari. Kafin damina ta wuce ciwon ya dawo, ya fi na da, har da zazzaɓi. Bibiana ce, ita da aka ɓata, ta same ta a duƙe a bakin rijiya, ta tsayar da ɗan acaɓa ta kai ta asibiti.

Da yamma Kayode ya dawo ya tarar da matarsa zaune a tsakar gida, da ledar magani a cinya.

“Sun yi gwaji,” ta ce. “Ciwon sanyi ne, irin wanda namiji ke kawowa. Sun ce ya toshe mini hanyar haihuwa ɗaya. Ɗayar tana nan, in bai sake kama ni ba. Sun ce in zo da kai, a yi mana magani tare, kowa ya shanye nasa, kada mu haɗa shimfiɗa sai an gama.”

Kayode ya gyara taye. Ya tuna akwai 'yar cocinsu da ke aiki a wannan asibitin. “Wani ya yanka makulli,” ya ce. “Akwai mai shiga a ɓoye.”

Bibiana na gefe tana ɓare kifi, ba ta ko ɗago ba. “Oga Mai Taye, makullin yana wuyanta, da shi take wanka. Ko ciwon naku ta rufin kwano yake dira? Shi dai masan ba ya hawa basfa, balle a ce ya je Samaru.”

Wata ta tuntsire da dariya a cikin kicin. Omolara ba ta yi dariya ba.

“Gobe da safe, Baban Femi. Za ka je?”

Abu ne mai sauƙi: zama a benci, gwaji, ƙwayoyi na 'yan kwanaki. Ya auna shi da kujerar gaba a coci, ya ga kujerar ta fi nauyi. Ya ce yana da aiki a Samaru.

Washegari ya dawo ya tarar da sabon masai a buɗe, yaran gidan na layi a bakinsa. Ɗalhatu yana tattara kayan aikinsa. Ya kafa wa ƙofar ɗakin kwana maratayar kwaɗo ta ciki, kwaɗon nan mai nauyi kuma yana hannun Omolara.

“Kai ka ce nawa ne ni kaɗai,” ta ce. “Ranar da ka je asibiti, ni zan buɗe maka da hannuna.”

Ta shanye maganinta, ta warke, ciwon bai sake dawowa ba. Shi kuma ya shimfiɗa katifa a falo, tsakanin matattun injunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Shekara ta zagayo yana nan, ƙanen Femi bai zo ba. Kullum da safe ya ɗaura taye. A taron 'yan haya na ƙarshen wata ya miƙe ya ce shi ya yi nazari, ya gano matsalar gidan nan ruwan rijiya ne, ya kamata a haƙa sabuwa.