Bonaiuto Mai Rushe Hasumiya

Bonaiuto magini ne, amma da rusau ya ci abinci. A garinmu, duk ɓangaren da ya yi nasara, na Paparoma ko na Sarkin Sarakuna, farkon aikinsa shi ne kayar da hasumiyoyin waɗanda ya kora. Bonaiuto ake kira. Yakan ƙwaƙule gindin ginin gabas da yamma, ya tokare da gumagumai, ya shafe su da kitse. Gefen da ya fara cinna wa wuta, can hasumiyar ke faɗuwa.

Kullum cewa yake, "Ni dutse nake kayarwa, ban taɓa kashe kowa ba." Wannan magana ba ta tsayuwa, domin wanda ya zaɓi inda dutse zai sauka ya zaɓi wanda zai mutu. Ya san haka tun shekarar da ya danne unguwar majema da hasumiya bisa umarnin mutanen Sarki.

Da mutanen Paparoma suka dawo, sai da jini ya gudana a kwatoci. Shugabansu, Ranuccio, ya ce a kifar da babbar hasumiya gabas, kan lungun masaƙa da suka ɓoye abokan gabansa. Ya sa aka toshe bakin lungun. Can Tessa take, 'yar Bonaiuto tilo, da 'ya'yanta.

Bonaiuto ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yata na ciki."

"To, majema ba su da 'ya'ya ne, tsoho? Ashe dutse ya fara yi maka nauyi!" Mahayan Ranuccio suka bushe da dariya, shi da su suka ja dawakai zuwa dandalin yamma don kallo.

Bonaiuto ya karɓi wuta, ya shiga ramin, ya wuce gungumen gabas, ya cinna wa na yamma. Wani mai mashi ya hango hayaƙin.

"Kai, kare! Ba nan ba!"

Ya soke shi a ciki har tsinin ya fito ta baya. Bonaiuto ya rungume gungumen yana ci da wuta, don kada a janye shi a kashe wutar. Hasumiyar ta yi ƙara, ta karkata, ta rufta kan dandalin. An tono Ranuccio ne da cebur, an gane shi da zobensa.

Tessa ta rayu. Ba na kiran ubanta adali, tunda sai da abin ya zo kan jininsa ya ga mutane a ƙarƙashin dutse. Amma masaƙa suna ambatonsa a addu'a har yau. Majema kuwa ba sa yi.