Shekarar da Kainuwa ta Rufe Tafkinmu

Tafkin bayan ƙauyenmu, can wajen Ruma, shi ke riƙe mu da rani. Nan shanu ke sha, nan ni da mahaifina muke ɗibar ruwan da muke ba albasa da tumatir, lokacin ban daɗe da yin aure ba. Ban taɓa ganin kainuwa a cikinsa ba sai da wani masunci ya zo daga wajen Safana ya wanke komarsa ta kamun kifi a bakin ruwan. Bayan tafiyarsa muka ga 'yan ganyaye kore shar suna yawo kamar latas. Har sha'awa suka ba ni.

Baba ya ɗago guda ya nuna mini. Kowace uwa tana miƙa siririn hannu ta gefe, 'ya ta tsiro a ƙarshensa, ita ma ta miƙa nata. Iska ta tsinke su ta watsa ko'ina.

"Ba komai," in ji shi. "In an gama girbi mu yi gayya mu kwashe."

Ba a yi gayyar ba. Tun gero bai isa yanka ba 'yan bindiga suka matsa mana, kowa ya watse, mu muka fake a Batsari gidan ƙanwar mahaifiyata. Da muka koma bayan watanni, gidaje da yawa a rufe suke, tafkin kuwa ko tafin hannu na ruwa ba a gani. Akuyar maƙwabcinmu ta ɗauka fili ne, ta taka ta nutse.

Baba ya shiga da manjagara har iya ƙugu, ni ina jan abin da ya turo zuwa tudu. Duk inda muka buɗe, ba a jimawa ya sake rufewa. Ruwan ya yi baƙi yana wari, kifi suka taso matattu, sauro ya hana mu sakat.

Na ce, "Baba, ku bari mana sai mutane sun dawo."

Ya dubi ƙauyen, ya dube ni. "Su wa za su dawo?"

Zazzaɓi ya kwantar da shi albasa na tsakiyar neman ruwa. Ni kaɗai na kasa ban ruwan, lambun ya bushe a kan idona. Ya ɗan tashi, amma ƙafafunsa ba su sake kai shi bakin tafkin ba. Farkon damina Allah ya karɓi abinsa. Ruwan da muka yi masa wanka da shi, a jarka aka kawo shi bisa babur daga wani ƙauyen.