Gajeriyar Ƙafar Bunsuru Masinja

In ka bi ta gaban makarantar renon yara da ke bayan tashar mota, za ka ga zanen wani bunsuru a jikin katanga. Wanda ke wurin a da, hular masinja gare shi da jakar wasiƙu, yana tauna ambulan. Aikin Baba Mai Fenti ne, kuma duk allunan shagunan da ya rubuta a rayuwarsa, babu wanda yake ji da shi kamar wannan.

Bunsurun daga wani katun na talabijin ya fito, tun zamanin hoto baƙi da fari. Baba yana yaro, shi da yayansa sukan shafa wa takarda mai har ta yi shara-shara, su manna ta a fuskar talabijin ɗin maƙwabta. Yaya ya riƙe, shi ya bi da fensir. To, hoto ba ya jiran kowa. Wannan mako su sami kunne, na gaba wutsiya, wani makon a ɗauke wuta su tashi a tutar babu. Da haka suka harhaɗa bunsuru guda, da haka kuma hannun Baba ya koyi sana'a. Yaya ya daɗe da riga mu gidan gaskiya.

Kwatsam sai aka sake yin katun ɗin. Sabon bunsuru sumul kamar an lashe shi, ga baƙin tabarau, ga inji a gadon baya yana tashi sama, wasiƙar kowa ba ya ci. Baba ya kalli rabin shiri a wayar matarsa, ya ja tsaki.

"Wannan ai kwalbar turare ce aka dasa wa ƙaho."

"To, uban bunsuru," in ji matar, "ci abincinka kafin ya huce."

Ba a jima ba shugabar makarantar ta aiko a kira shi.

"Baba, yaran nan ba su san wancan ba. Jiya wata ta tambaye ni ko jaki ne. Ko dai ka shafe ka zana mana sabon, ko in kira masu buga hoto a leda su lulluɓe katangar. Ni kam hannunka na fi so."

Ya dawo gida yana ta faɗa, ko takalmi bai cire ba.

"Masu katun ɗin nan sun ɓata shi, sun raba shi da jakarsa, har ƙafa suka miƙe masa! Kowa ya san ƙafarsa ta baya gajera ce."

"Gajera? Maigida, ni ma fa na kalla ina yarinya."

Ta lalubo tsohon shirin a waya, ta danna, hoto ya tsaya cak. Abin da shi da Yaya suka yi ta nema ke nan, ga shi yau a tafin hannu. Baba ya sa gilashinsa, ya duba, ya sake dubawa. Ƙafa huɗu, duk tsawonsu ɗaya.

Ya cire gilashin. Can sai ranar da suka zana ƙafar ta dawo masa: bunsuru ya haɗiye wasiƙar mai gari, Yaya yana dariya har da hawaye, takarda ta zame a hannunsa, shi kuwa ya ci gaba da jan fensir. Ashe gajeriyar ƙafar da ya yi shekaru yana zanawa ba ta masu katun ba ce. Dariyar Yaya ce. Matar ta dube shi, a karon nan ba ta yi tsokana ba, ta dai matsa masa kofin ruwa kusa.

Washegari ya ɗauki tsani da gwangwanayen fenti. Kafin ya shafa farin farko, ya daɗe tsaye da buroshi a hannu. Daga nan ya kama aiki, wayar matarsa a aljihu, yana dubawa yana zanawa: tabarau, inji, komai yadda yaran suka san shi.

Da ya sauko, shugabar ta ja da baya tana kallo.

"Kai, Baba, ya yi kyau! Sai dai kamar ƙafar nan ta baya ba ta kai 'yan'uwanta ba."

Baba ya ɗaga kai. Wallahi bai yi niyya ba, hannu ne ya bi hanyar da ya saba. Akwai sauran fenti, gyaran kuma ba wani aiki ba ne.

"Malama, mai tashi sama me zai yi da doguwar ƙafa?"

Ya rufe gwangwani, ya tsoma buroshi a ruwa.