Nababa Mai Kifin Kallo

A ƙauyen Kwarin Gawo, tsakanin Bagwai da dam ɗin Watari, in baƙo ya tambayi gidan Nababa sai a ce masa, "Wanne? Mai tumatir ko mai kifin kallo?" In ya ce na biyun za a nuna masa hanya, amma sai an yi murmushi tukuna.

Nababa manomi ne ɗan manomi, gajere, mai faɗin kafaɗa, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron taka shuka. Da ƙuruciya ya tafi cin rani Kano, ranin ya ƙi ƙarewa. Ya samu aikin lambu a Bompai, gidan wani ɗan Sin mai kamfanin takalman roba. Aikinsa ban ruwan furanni, da aske ciyawa, da kula da wani babban kwami na siminti a tsakar gida. To, a cikin kwamin nan Allah ya ɗora masa abin da ya ɗora masa. Kifaye ne, amma ba tarwaɗa ba, ba karfasa ba. Wani ja, wani ruwan ɗorawa, wani fari da ɗigon baƙi, suna yawo cikin ƙasaita kamar hajiyoyin da suka fito daga walima. Koi ake ce musu, Nababa dai bai taɓa damuwa da sunan ba. Ranar farko ya tambayi kuku yaushe ake cinsu. Kuku ya yi dariya har sai da ya riƙe murhu. Ba a cinsu, in ji shi, kallonsu ake yi.

Maganar nan ta daɗe tana yi wa Nababa yawo a ka. A garinsu duk abin da ake ba abinci akwai ranar da zai rama: kaza ta yi ƙwai, akuya ta haihu, jaki ya kai taki gona. Ga wasu bayin Allah da ba a neman komai a wurinsu sai su yi kyau. Tun yana yi musu kallon malalata, har ya zama in ya gama aiki sai ya tsuguna a bakin kwamin, su taso su ci daga tafin hannunsa. Ruwan kuwa garai-garai, ana hango tsakuwar ƙasa.

Da kamfani ya rufe, maigida zai koma ƙasarsu, ya ce kowa ya zaɓi abin da yake so. Direba ya ɗauki firji. Kuku ya ɗauki tukwane. Nababa ya ce a ba shi 'ya'yan kifi biyar. A jarkar da aka yanke wa baki ya ɗauko su, ya rungume ta a cinya tun daga tasha, duk ramin da mota ta faɗa sai ya ba wa na kusa da shi haƙuri.

Matarsa Ummu Salma ta leƙa jarkar, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, mutane na dawowa daga birni da keken ɗinki, kai ka dawo mana da baƙin da za a ciyar?"

"Ki bari su girma ki gani, Ummu."

"In sun girma sai me? Miya?"

"A'uzu billahi," in ji Nababa, ya janye jarkarsa.

Ya gina musu kwami a bayan ɗaki, gindin lemo, ya raɗa musu suna. Akwai Zabuwa mai ɗigo-ɗigo, da Goro, da Ƙwanduwa, da wani rigimamme da ya sa wa Kwandasta saboda ture kowa da yake yi wajen cin abinci. Sai ta biyar, fara sol mai jan zane a goshi da gefe, wadda ya kira Mai Lalle. Dusa yake ba su, da ganyen zogale, da gara in ya samu suri. Ummu Salma tana cewa tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa tambayarta ko ta ƙoshi da irin muryar da yake tambayar Mai Lalle ba.

Abu ɗaya ya hana shi sakat: ruwa. Na kanal, wato wanda ake sakowa daga dam don noman rani, launin koko gare shi. Da ya zuba shi a kwami sai kifayen suka ɓace ɓat, sai dai ya ga ruwa na motsi. Kifin kallo ba kallo, ai ya zama tarwaɗa. Rijiyar burtsatse kuma ta yi nisa, ga layin mata, ba zai iya tsayawa a cikinsu yana bayanin cewa kifi zai kai wa ba.

A nan ya tuna da rijiyar Usaini.

Usaini taubashinsa ne, ɗan ƙanwar babansa, don haka tsakaninsu babu gaisuwa sai tsiya. Sana'arsa fasa tsofaffin baturan mota. Ya tsiyaye ruwan batir a wani rami a bayan rumfarsa, ya narka dalmar ciki, ya zuba ta ƙanana-ƙanana, masuntan Watari su saya su ɗaure a gindin birgi, wato ragar kamun kifi, don ya nutse. Kusa da ramin akwai wata tsohuwar rijiya marar zurfi wadda aka daina sha tuntuni saboda bauri, sai masu buga bulo ke ɗiba. Amma fa ruwanta, in ka ɗebo a guga, kai ka ce hawaye ne.

"Kai gajere, me za ka yi da ruwan da ko jaki ya ƙi?" in ji Usaini.

"Jaki harshe gare shi. Ka taɓa ganin kifi na ɗanɗana miya?"

"To ɗiba. In sun yi aure a ba ni tukwici."

Nababa ya cika kwami. Wayyo, ranar nan! Kifayen suka bayyana tar, kowanne da tufarsa, inuwarsu na bin su a ƙasan siminti. Ya zauna har rana ta juya bai san ta juya ba. Ruwan ko gansakuka ba ya yi, kuma wannan ne abin da ya fi alfahari da shi. Masu wucewa gona suka riƙa ratsowa, su yi masa ba'a, sannan su tsaya kallo har sai an aiko kiransu. Shi kuwa burinsa ɗaya, ya ga sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe, ya ga ƙananan jajaye sun cika kwami irin yadda ya taɓa gani a Bompai.

Zabuwa ce ta fara. Wutsiyarta ta yi baƙi kamar an tsoma a tawada, ta daina tasowa cin abinci. Daga baya gadon bayanta ya karkace, tana iyo a kaikaice. Nababa ya ce ruwa ne ya tsufa. Ya kwashe, ya je rijiyar Usaini ya ɗebo sabo. Da ta mutu ya ce bai canza da wuri ba ne, sai ya ƙara yawan canjin. Ya zuba gishiri, ya matsa shuwaka, ya fasa kafso ya barbaɗa. Goro ya bi ta, Ƙwanduwa ta bi Goro. Duk wanda ya tafi, sai Nababa ya ƙara safa da marwa tsakanin gida da rijiya, har kafaɗarsa ta yi kanta. So hana ganin laifi. Ruwa mai kyan gani haka, ta ina zai zarge shi?

Ranar da Kwandasta ya juya ciki sama, Ummu Salma ta ɗauko fartanya. Ta miƙa wa mijinta, ta tsaya har ya gama binnewa a gindin lemo. Da safe ta yafa mayafi ta tafi fadama, inda ta ji Malam Uwaisu, malamin gona daga Bagwai, ya zo duba tsutsar tumatir. Ba ta bar shi ba sai da ya biyo ta.

Malam Uwaisu ya duba Mai Lalle, wadda ita ma bakin wutsiyarta ya fara duhu. Ya tambayi inda ake ɗebo ruwa. Da aka kai shi, bai daɗe a kan rijiyar ba, ramin Usaini ya tsaya yana kallo, da tarin fasassun batura a gefensa. Ya ɗebi ruwan a gora, ya ce zai kai Kano a auna, amma kafin nan a fitar da kifin yau yau, a sa shi a ruwan kanal.

"Malam, ruwan kanal fa laka ce," in ji Nababa.

"Laka ba ta kisa, Baba."

Da ya dawo da sakamako, a gaban Usaini ya faɗa. Dalma ce, ta tsatso daga ramin ta shiga rijiya. Ba ta da launi, ba ta da wari, sai dai ta taru a jikin mai rai kaɗan-kaɗan.

"Amma ruwan garau yake," in ji Nababa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ruwan batir ne ya wanke shi haka. Ba tsabta ba ce, Baba, babu abin da ke iya rayuwa a cikinsa ne."

Usaini ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Karo na farko a rayuwarsa ya dubi Nababa bai sami abin tsokana ba. Mai unguwa ya sa aka cike rijiyar da ramin, Usaini ya daina fasa batir, ya koma haɗa su ɗungurungum yana kai wa masu saye a Kano. Ya kuma daina bi ta ƙofar gidan taubashinsa.

Kwamin gindin lemo ma aka ce kada a sake amfani da shi. Nababa ya haƙa ɗan tafki a gonarsa ta fadama, ya ja masa ruwa daga kanal, ya saki Mai Lalle. Ta shiga, ruwa ya rufe ta. Ya roƙi Malam Uwaisu ko a ɗan jefa alif ruwan ya kwanta, aka ce a'a. Ya ce to ko rabin ƙulli. Aka ce a'a.

Ta rayu. Tana ci, tana girma, in ji alamu, don dusar da ake watsawa ba ta kwana. Amma ganinta ya zama sai rabo. Wani lokaci baki kawai za ta ɓullo da shi ta koma. Wani lokaci ta juya kusa da sama, a ga wani ja ya gifta cikin laka, kafin ka ce "ga ta" babu ita. Kullum bayan la'asar Nababa na bakin tafkin, hannu cike da dusa, yana watsawa kaɗan-kaɗan don abin ya daɗe. Akwai ranakun da yake komawa gida bai ga komai ba, Ummu Salma ta duba fuskarsa ta zuba masa tuwo ba tambaya.

Rannan yana zaune sai ya ji tari a bayansa. Usaini ne, da gara a cikin gwangwani. Ya ajiye, ya zauna nesa kaɗan.

"Na ce ko baƙuwar na cin wannan."

"Tana ci."

Can Usaini ya ce, "Ka ƙara gajarta."

Nababa ya juyo a fusace. "Ni? Kai da wuyanka kamar na zalɓe, har kana da bakin..."

Ruwa ya yi fantsam a bayansa. Ya waiwaya da sauri, sai da'irar ruwa kawai tana buɗewa. Usaini kuwa baki sake, yana nuni da yatsa.

"Ka gan ta?" in ji Nababa.

"Gaba ɗayanta! Wallahi ta kai damtsena."

"Wutsiyar fa? Baƙin ya tafi?"

"Ban lura ba."

"Kai dai ba ka iya kallo ba. Bayanta a miƙe yake?"

"Kamar dai a miƙe."

Nababa ya gyara zama, ya matso kusa da shi, idonsa na kan ruwan da ya riga ya kwanta.

"Fara daga kai," ya ce. "A hankali. Kada ka tsallake komai."