Na Kai Ƙofa Kurawa, Na Dawo Da Ita

Isa

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba a garinmu Isa, na ɗora ƙofar ƙarfen a bayan akori-kura. Ta ɗakin ajiyar irin shuka na Kawu Nomau ce, ƙanin mahaifiyata da ke Kurawa, wanda awaki suka hana sakat. Shekara goma ina walda, sai bana ya yarda ya ba ni aiki. Awon kuwa ɗansa Sanusi ya turo ta waya, mai diflomar nan da ba ya magana sai ya gyara tabarau: inci saba'in da biyu a tsaye, talatin da shida a kwance.

Shingen jami'an tsaro huɗu muka wuce. A kowanne sai an ƙwanƙwasa ƙofar, sai ka ce akwai mai amsawa a ciki.

Sabon Birni

Takwas da kwata muka sauka. Na sha fura a tsaye, na tare ɗan kabu-kabu.

"Maigida, mu biyu da ƙohwa? Sai dai ka aza ta bisa kai."

Haka kuwa aka yi.

Kurawa

Ƙarfe goma na jingina ta a gurbinta, maƙwabta sun taru kallo. Sama ta bar inci sha biyu, gefe ta bar shida.

Na ce, "Sanusi, da mi ka auna?"

"Baba ya auna da hannu nai, kamu huɗu da kamu biyu. Ni ko na juya shi zuwa inci. Kamu guda inci sha takwas na, haka waya ta ce."

Kawu fa ya fi kowa tsawo a garin. Na ɗora tef daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsa, inci ashirin da ɗaya cif. Wayar dai ba ta taɓa ganin hannun nan ba. Sanusi kuwa da wannan hannun aka yi ta marinsa tun yana yaro, amma bai san tsawonsa ba. Muna cikin haka wata 'yar akuya ta kutsa ta gefen, ko gogar ƙarfen ba ta yi ba.

Na buɗe baki za ni wanke Sanusi tas, Kawu ya riga ni.

"Shi ɗan takarda na. Kai mai sana'a, mi ya hana ka zowa ka auna?"

Kunya ta rufe ni, na kinkimi ƙofata na kama hanya.

Gida

Ana kiran magariba na shigo Isa. Godiya ga Allah da ya maido mu lafiya, ni da ƙofata. Tana nan jingine a shago, mai gajeren hannu ya zo mu daidaita.