Hurar Sulhun da Hamani Bai Sha Ba

Hamani baduku ne, guga yake ɗinkawa. A Filinge ta wancan lokaci da wuya a sami rijiyar da ba ta san gugansa ba. Gajere ne, ba ya son yawan magana, yatsunsa kullum a rine da ruwan bagaruwa.

Gidansu gidan shiga tsakani ne. In aka yi rigima a kan gona ko rijiya, ubansa ake kira, da uban ya tsufa aka koma kiran Hamani. Aikin yana da ƙa'ida guda, wadda ya gada tare da basilla da wuƙar yankan fata. Daga ranar da ya saurari rigima, ba ya ci ba ya sha daga gidan kowane ɗaya cikin masu rigimar, ko da ruwan baƙo ne, sai ranar sulhu. A ranar, gidajen biyu kowa ya kawo gero, a dama hura a ƙwarya ɗaya a ƙofar Hamani. Shi zai fara kai ludayi baki, ya miƙa wa wanda ya ci shari'a, shi kuma ya miƙa wa wanda ya faɗi. Daga nan magana ta mutu. Ba ta cika kaiwa wata guda ba.

Da Nasara suka zauna da gindinsu a ƙasar Kurfai, kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya ce a bariki za a riƙa yanke shari'a. Yana son mutum biyu na gari su zauna gefensa, ɗaya ya faɗa masa abin da Littafi ya ce, ɗaya abin da al'adar ƙasa ta ce. Malamai suka miƙa nasu ba hayaniya. Kujerar al'ada ce ta raba dattawa.

Duk bakinsu ɗaya cewa kada a taɓa abin da kakanni suka bari. Wanda zai tsare shi ne ba su yarda a kai ba. Kailu, tsohon ɗan yaƙi mai tabon mashi a kafaɗa, ya ce kujerar ta gidan da ya fara sarar daji ce, wato gidansa. Lawali, mai garke da rumbuna, ya ce ta gidan da ya fara haƙa rijiya ce, wato nasa. Kailu ya kira Lawali baran Nasara a bainar jama'a. A makon nan aka ga ragon Kailu ɗaure a ƙofar tafinta, gefen ragon Lawali.

Da kumandan ya gaji, ya ce in ranar kasuwa ta wuce ba suna, kukunsa zai ɗora. Sai suka tuna da Hamani. Kailu ya yarda don Hamani na auren ƙanwarsa Dijatu. Lawali ya yarda don tare aka yi musu kaciya, tabarma ɗaya suka yi jinya. Kowa ya koma gida yana ganin shi ya ci.

Lawali ne ya kai masa labari, ya tarar da shi yana jan zaren fata da haƙori. Ɗan jima yake kiransa tun suna yara, saboda jimar fata da gidansu ke yi.

"Ɗan jima, tashi ka wanke hannu, ka zama babba."

"Mi na yi muku?"

"Ba ka yi komi ba. Shi ya sa."

Ƙarar farko da ta zo gabansa ta gida ce. Ibrah, ɗan Kailu, ya tura nomansa cikin fadamar Lawali. Kumandan ya tambaya ta bakin tafinta, Hamani ya ce iyaka tana ga tsohon gawo, kuma Ibrah ya wuce shi. Yana faɗa yana tunanin yadda zai lallashi Kailu ya kawo geronsa. Kumandan ya yi rubutu, ya ce wani abu gajere. Gardi, dogarin bariki, ya ɗaure hannun Ibrah ya wuce da shi kaso, wato kurkuku, daga can aikin hanya.

Hamani ya tari tafinta a bakin ƙofa.

"Yaushe za a sha hura?"

"Wace hura, baba? An gama. Tahi gida."

A wurin Hamani ba a gama ba. Maganar da ba a sha mata hura ba tana nan da ranta. Gidan Kailu da gidan Lawali suka rufu gare shi rana ɗaya.

Da aka yi suna a gidan Kailu ya je, ya zauna cikin maza, aka aje akushi. Kowa ya sa hannu, shi ya bar nasa a kan cinya. Kailu ya sa aka janye akushin daga gabansa a hankali, yadda kowa zai gani.

"Ka kunyata ni gidan ubana," in ji Dijatu da suka koma.

"Da na ci, Lawali shi ce tuwo ya saye ni."

"To yanzu mi aka ce? Cewa aka yi gurasar Nasara ta cika maka ciki."

Bai taɓa ɗanɗana gurasar Nasara ba. Bai gaya mata ba, ta sani.

Dattawan nan kuwa sun sami sabon fagen daga. Mutanen Kailu suka riƙa kai mutanen Lawali ƙara, na Lawali suna ramawa, a kan akuya, a kan layin ɗiban ruwa, a kan sadakin da aka manta da shi tun kafin Nasara. Kowane ɓangare yana so ya ga na wa ne Hamani. Shi kuma ya faɗi abin da ya sani, yau ya ba wannan, gobe ya ba wancan, kowace ƙara ta rufe masa gida biyu. Da ya shekara kaɗan a kujerar, gidajen da zai iya shan ruwa a Filinge ba su kai yatsun hannunsa ba. In zai tafi biki ko gaisuwar mutuwa, sai ya rataya ƴar salkarsa kamar matafiyi.

Sau ɗaya Kailu da Lawali suka taka zuwa bariki tare, ranar da suka je neman a cire shi. Suka ce ya raina dattawa, ba ya cin abincin mutane, mai irin wannan hali bai san al'ada ba. Kumandan bai ga abin ja ba. Aka ɗora Yahaya, ƙanen matar Lawali, wanda Kailu ya yarda da shi don ya san farashinsa. Yahaya gida-gida yake bi da cin tuwo, musamman jajiberin shari'a.

Hamani ya koma ga gugansa. Sauka daga kujera ba ta buɗe masa ƙofa ko ɗaya ba, don ba a sha hurar kowa ba.

Sai ga shekarar yunwa. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Kasuwa ta bushe, ko da kuɗi ba abin saye, balle mai guga. Rumbunan da suka rage a gari na Lawali ne da na Kailu. Dijatu ta riƙa zuwa gidan wanta da yara su ci, ƙa'idar ba ta hau kansu ba. Hamani ya zauna da ganyen tafasa da ƴaƴan anza da aka jiƙa don ɗacin ya fita, har ƙafafunsa suka fara kumburi.

Ya ja jiki ya je wurin Lawali, ya roƙi a dama hurar Ibrah, ko ludayi ɗaya ne.

"Kailu shi zo ƙofata," in ji Lawali. "Wanda ya faɗi shi ka zuwa, haka muka gada. Kai kuma zamna ka ci, ɗan jima, dubi wuyanka."

Ya je wurin Kailu.

"Ƙarami ka zuwa wurin babba, haka muka gada."

"Yaya, ƙofarmu aka saba yi, tun zamanin ubana."

"Ƙofar ubanka ba ta taɓa kai ɗana kaso ba."

Wata rana da hantsi Dijatu ta shigo da tuwo a kwano, ta aje gabansa. Ba ta ɓoye masa daga inda ya fito ba.

"Ci, maigida. Ba wanda ya tuna da abin nan in ba kai ba."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya ci, har ya suɗe.

Ashe sun tuna. Kafin la'asar Kailu na faɗa a majalisa cewa Hamani ya ci tuwonsa, ya yarda ke nan ya zalunci Ibrah, kuma shi Kailu zai koma bariki a sake duba maganar fadama. Lawali ya ce dama ya sani tun farko, na Kailu ne, ɓoyewa yake. Bai ƙara kiransa ɗan jima ba, bai ƙara kiransa komai ba.

Hamani ya tsira daga yunwar, ya yi tsawon rai. Ya koya wa ɗansa jima da ɗinki, bai koya masa ɗayan aikin ba. In rigima ta tashi a bakin rijiya, masu ita kan wuce ta ƙofarsa su nufi bariki. Wani lokaci ɗayansu ya tsaya ya tambaya ko gugansa ya yi, Hamani ya ce ya dawo gobe.