Alwalar Gwaggo Tasalla

Duk wanda ya san Hajiya Tasalla ta Sheme, wadda mu muke ce ma Gwaggo, ya san ba a gama gaisawa da ita ba a ji labarin alwalarta ba. Ka ce, "Gwaggo, ina wuni?" sai ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Ka gan ni nan, alwalata ta asuba ce." Wa ya tambaye ta! Da alwala ɗaya take yin asuba, ta kai daddawa kasuwa, ta yi azahar, ta yi la'asar. Sirrin ba wani abu ba ne, ruwa ne ba ta sha. In an je biki mata suka yi layi a ƙofar bayan gida, sai ta gyara zama ta ce, "Ku je, ku je, masu mafitsarar 'yan awaki."

Ni ɗan ƙanenta ne, kuma direba. Aji uku na yi na gudu, don haka kada wani ya nemi ƙawa a rubutun nan. Shekarun da kuɗin fetur suka shigo, kowa na sayen rediyo da babur, ni akori-kura na samu, ina jigilar auduga da masara zuwa Funtuwa. Shi ya sa da ƙululu ya fito mata a nono, ni aka ɗora ma kai ta asibiti Zariya.

Likita ya ce ciwon daji ne, sai an cire na hagu. Ni na hau salati. Ita kuwa ta dube shi ta ce, "Likita, 'ya'ya bakwai ya shayar, ya gama aikinshi. Na daman ma zaman banza yake, in kana so ka haɗa da shi." Likita ya yi dariya har da cire tabarau.

Bayan an yi aiki aka ba ta wasu ƙwayoyi farare ƙanana, kullum sai ta sha, ba fashi. Likita ya ja ni gefe ya ce ƙwayar ce ke hana ciwon samun abin da yake ci a jikin mace, in ta daina yana iya dawowa. Ya ce za ta riƙa jin zafin jiki, wataƙila kuma fitsari ya dame ta. Na ce a raina, fitsari? Gwaggo? Bawan Allah, ba ka san ta ba.

Ashe ya san aikinshi. Ran da za mu koma ganin likita, ba mu yi nisa da Sheme ba ta bugi kafaɗata.

"Tsaya."

"Lafiya, Gwaggo?"

"Dawar mutumin can nike son in duba."

Ta sauka, na hango buta ƙarƙashin mayafinta. Na ce, "Gwaggo, da buta ake duba dawa?"

"Tuƙi aka ce ka yi, ba tambaya ba."

Ta shige cikin dawa, can ta fito tana gyara zane ta ce, "Bai yi maimai ba. Rago." Kafin mu kai Zariya gonaki shida muka duba. A ta huɗu ne mai gona ya yi kiciɓis da ita tana fitowa. Na ce yau akwai magana. Bai ma buɗe baki ba ta tare shi: "Kai ne mai gonar nan? Ba ka jin kunya? Ƙuduji ya cinye maka rabin dawa kana yawo da fartanya a kafaɗa!" Wallahi mutumin nan ya durƙusa ya ce, "A yi haƙuri, Hajiya, za a gyara." Har da rako ta bakin mota.

Muna ta dariya muna ba da labari a gida, ba mu san abin da take ƙullawa ba. Wata rana na je in ɗaukar mata daddawa zuwa kasuwa, na ɗaga faifan wata tsohuwar ƙwarya, sai ga ƙwayoyin nan jibge a ciki. Ta daɗe da dainawa.

Na ce, "Gwaggo, mi ye wannan?"

"Iri ne. Da damina zan shuka."

"Ba wasa nike ba. Likita ya ce ciwon zai dawo. So kike ki mutu?"

Ta kawar da kai ta ce, "Ɗan nan, ba yawan zagayawar ke damuna ba, ba kuma raɗaɗin fitsarin ba. In na yi ruku'u sai in ji ya ɗiga. In sake zane, in sake alwala, ya sake ɗigowa. Yaya zan tsaya gaban Ubangiji haka? Gara in mutu da sallata."

To, ni mi na sani? Na wuce wajen Liman ina ta kame-kame. Ƙato da ni, zan yi zancen fitsarin gwaggona! Na ce, "Malam, wai wata mata ce a wani gari can wajen Sabuwa..."

Ya ce, "Hajiya Tasalla ce ko? Kwana biyu ban ji an ce mani alwalar asuba ba."

Ya yi mani bayani cewa wannan lalura ce, shari'a ta san da ita. In yoyon ya zama kullum cikinsa ake, sai ta yi tsarki, ta yi alwala in lokacin salla ya yi, abin da ya ɗiga bayan nan ba ya ɓata komi. Na koma da murnata na faɗa mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yanzu direba ne zai yi mani fatawa?"

Dole Liman ya taso da kanshi. Ya zauna a zaure da littafi, ita tana daga bayan asabari.

"Malam, a cikin littafin yake, ko tausayina kake ji?"

"A ciki yake, Hajiya."

"Karanta da Larabcin in ji."

Ya karanta. Gwaggo da ba ta wuce ƙananan surori ba ta ce, "Uhm. Ya yi kama da gaskiya." Can kuma ta ce, "To, da mai alwala ɗaya da mai biyar, wa ya fi lada?"

Liman ya ce kowace alwala da ladarta, kuma zunubai take wankewa.

"La'ilaha illallahu! Shekara da shekaru ina kashe kaina da ƙishirwa, ashe 'yan awakin nan sun fi ni riba, ba wanda ya faɗa mani? Ɗan nan, miƙo mani ƙwaryar can da moɗa!"

A gabanmu ta haɗiye ƙwaya. Da muka koma Zariya ta daure ta faɗa ma nas zancen raɗaɗin, aka ba ta wani magani, aka ce rashin shan ruwa ke ƙara shi. Ta koma shan ruwa kamar raƙumi. Ba ta sake fashin ƙwaya ba, kuma kada ku zaci bakinta ya mutu. In ta ga mace ta tada salla ba ta taɓa buta ba sai ta ce, "Da wannan kwantan alwalar za ki yi? Ƙazama!"

Ta ga kaka mai yawa bayan nan, ta aurar da jikoki, ta ci gaba da zagin manoma. Da ƙarfinta ya ƙare, ranar wata Alhamis da la'asar na same ta kwance, hannunta ba ya iya ɗaga buta. Ta ce in zuba mata. Na durƙusa ina zubawa, ruwan ya yi yawa.

Ta ce, "A hankali, ɗan nan. Ni ba motarka ba ce."

Ta yi sallarta a kwance. Maganar da ta yi mani ta ƙarshe ke nan.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tasalla. Ya karɓi sallolinta duka, waɗanda ta yi da ƙarfinta da waɗanda ta yi cikin lalura. Ya sanyaya makwancinta, ya shayar da ita ruwan da ba ƙishirwa bayansa. Amin.